Shekarar Da Na Sha Turanci

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi ƙugi, mata su kwashe shanya, sannan iska ta zo ta kore shi kamar an kori akuya daga bakin turmi. Da zaman jira ya ishe ni sai na ce bari in gyara jinkar tsohon rumbu kafin ruwan ya yi niyya. Ina zare ruɓaɓɓiyar ciyawa sai wani katako ya faɗo mini a ƙafa. Na ɗauka na kakkaɓe. Gara ta ci gefe guda, amma wuyan da na sassaƙa masa yana nan, har da ragowar baƙin tawada a cikin tsagar itacen. Na zauna gindin rumbun ina dariya ni kaɗai, har matata Kulu ta leƙo ta tambaya ko rana ce ta taɓa ni. Da na ɗaga mata katakon sai ta ce, "Af, allon Bature," ta koma ɗaki abinta.

Allon nan ya girmi wasu malaman makarantar yanzu. Shekarar da na sassaƙa shi azumi ya faɗo tsakiyar bazara, kuma daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Abin da muka girbe ko tsakiyar rani bai kai mu ba. Da farko an rage tuwo ya koma sau ɗaya, daga nan tuwo ya koma kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har kana iya ganin fuskarka a ƙwarya. Sai aka koma ga dusa da ganyen yaɗiya da 'ya'yan aduwa. Rijiyar gari ta yi ƙasa, ka jefa guga ka jawo rabinsa laka. Zafi kuwa, tabarma sai an yayyafa mata ruwa kafin a kwanta, in akwai ruwan yayyafawa. Da azahar maza kan zube a inuwar masallaci, ba mai magana, don magana ma yawu take ci.

A gidana akwai yara biyu ƙanana, ga Kulu da ciki. Abu ɗaya ya rage mana mai sunan hatsi, irin gero ne a cikin gora, an cakuɗa shi da toka saboda ƙwari, an liƙe bakin da laka. Kulu ta rataye shi can ƙuryar ɗakinta. Sau biyu ina kai hannu da niyyar a ɗebi ko tafi ɗaya a dama wa yara, sau biyun tana ce mini in na taɓa goran nan sai ta tara mini gari. Gaskiyarta ce. In aka ci iri an ci baɗi.

Yanzu dole in tona wa kaina asiri. Aji biyu na yi a firamare kafin babana ya cire ni, ya ce awaki sun fi malam buƙatata. Da na girma na yi cin rani sau uku a Kurmi, ina dako a tasha, can na tsinto kalmomin Turanci kamar guda bakwai, galibinsu zagi. Da na dawo gida sai na riƙa sake su a dandali. In jaki ya ƙi tafiya in daka masa "Kamon!" In kare ya shigo in ce masa "Gerawut!" Mutane suka ce Arzika ya iya Turanci, ni kuwa ban musa ba, har ƙara gyara hula nake. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa dai ta yi 'ya'ya har da jikoki.

Ana cikin yunwar nan labari ya zo cewa wani kamfani zai gyara hanyar da ta tashi daga Tambuwal ta nufi Kebbe, wadda ta ratsa ta gefen ƙauyenmu. Suna neman hedima, mutumin da zai tsaya tsakanin Baturen injiniya da leburori, kuma dole ya zama mai jin Turanci. Ban da albashi, duk wata ana ba hedima rabin buhun masara. Da maigari ya tambaya wa za a tura, dandali gaba ɗaya ya juyo ya dube ni. Kafin in haɗiye yawun da ba ni da shi an rubuta sunana. Aka ce in bayyana a sansanin kamfanin a Tambuwal ranar wata Talata, saura mako uku.

Na so in fito in ce jama'a wasa nake. Amma rabin buhun masara ya tsaya mini a maƙogwaro. Na tuna idon yaran nan in ana kankare tukunya.

Washegari da hantsi na lallaba ta bayan gari zuwa wurin Malam Sahabi, malamin firamarenmu. Ɗan birnin Sakkwato ne, siriri, mai tabarau, hannunsa laushi kamar na jinjiri. Maigari ya ba shi 'yar gona bayan makaranta, amma sabara da tumfafiya ne suke cin amfaninta. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce in faɗi duk abin da na sani ya ji. Na zazzage masa guda bakwai ɗin nan. Ya cire tabarau ya goge, ya roƙe ni kar in sake maimaita biyar daga ciki da azumi a bakina. Muka yi yarjejeniya, ni in share masa gona da safe, shi ya koya mini Turanci tsakanin azahar da la'asar.

Ranar farko na ɗauka abin mai sauƙi ne. Ya ce tafiya ita ce go. Ni ai go, kai yu go. Na ce madalla, to mace fa? Ya ce ita ma yu. Mutum goma fa? Yu. Na ce Malam, yanzu in na tsaya gaban hakimi in ce masa yu, in juya in ce wa akuyata yu? Ya ce haka ne. Na ce to lalle mutanen nan ba su da kunya. Ina cikin jinjina wannan sai ya ce in wani ne can ya tafi, ba go ba ne, gos ne. Na tambaya mi ya yi da aka ƙara masa wutsiya, ya ce ƙa'ida ce. Kwana biyu ina rarrashin go da gos har suka fara zama wuri ɗaya, sai ya ce in jiya aka yi tafiyar, sunanta went. Na ce ina go ya shiga? Wanga went ɗan wa ne, ko kama ba su yi? Ya ce ƙa'ida ce. Na lura duk inda Malam ya rasa amsa, nan ƙa'ida take tsugune.

Sai ga wasu 'yan ƙananan kalmomi da ake sa wa gaban suna, waɗanda har yau ban san aikinsu ba. Sai ga haruffan da ake rubutawa amma ba a faɗa, suna zaune a gaban kalma kamar masinjan ofis ranar da babu aike. Ga yunwa, ga ƙishirwa, ga kwanon ajin ya ɗauki zafi yana ƙaras-ƙaras a kanmu. In Malam yana magana sai in ga bakinsa na motsi can nesa kamar a cikin ruwa. Abin da na koya da azahar, kafin magariba ya tsiyaye. Ya ce in rubuta a littafi da boko, in na rubuta sai in kasa karanta rubutun kaina.

Bayan mako guda na zauna na yi shawara da kaina, kuma duk lokacin da na yi haka ba a wanyewa lafiya. Na ce, lokacin da muke yara, in kan yaro ya yi tauri ba rubutu ake yi masa a allo a wanke ya sha ba? Ni kaina na sha, kuma ɗan abin da na riƙe na riƙe shi. To ilimi ai ilimi ne. Na tafi wurin Liman in ari allo. Da ya ji abin da zan rubuta sai ya riƙe haɓa ya dube ni. Ya ce allo na maganar Allah ne, ba za a ɗora masa go ba. In na nace in nemi katakona daban, amma shi tun da yake bai taɓa jin wanda ya sha Turanci ba. Na ce to a kaina za a fara.

Na samo katakon akwatin sabulu na sassaƙa masa wuya da kafaɗu. Na kankare baƙin gindin tukunya, na dafa da ƙaro, tawada ta yi kyau. Kullum in na dawo daga wurin Malam sai in zauna ƙofar ɗaki in rubuta darasin ranar da ajami yadda kunnena ya ji shi, in yi ta rerawa ina rangaji, da muryar da muke biya karatu da ita muna yara. Rana na faɗuwa in wanke allon a ƙwarya. Ladan na kiran salla in kafa kai. Ɗanɗanonsa toka-toka, yauƙi-yauƙi, da ɗan warin sabulu. Nakan sha rabi in yamutsa fuska in ajiye, in fita masallaci.

Kulu ta ce, "Kowa na buɗa baki da kunu, mu namu maigidan da Turanci. Yau mi muka sha, Bature?"

Na ce mata yau went ne, ta yi hankali, yana da ƙarfi.

Abin mamaki, rerawar nan ta zauna. In ka taɓa ni in fara daga ai go, sai na dire ƙarshe ban tsaya ba. Malam ya ji daɗi da farko. Amma in ya tsinko tambaya daga tsakiya, sai na koma farko na biyo layi kafin in iso wurin. Ya ce Arzika, magana ba hadda ba ce. Na ce Malam, ni dai ta nan ƙofar take.

Ranar Litinin, jajibirin tafiya, da la'asar iska ta juya. Wannan karon hadarin bai yi ƙugin banza ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, yara suka fita tsirara suna tsalle, ƙanshin ƙasa ya shigo har cikin ƙirji. Manyan mutane na tsaye cikin ruwa suna hamdala. Ni kuwa ina tsaye bakin zaure na kasa murna, don na san abin da wannan ruwan yake nufi.

Wanda bai yi noma a jigawa irin tamu ba ba zai gane ba. Ruwan shuka na farko ba ya jira. Ƙasarmu rairayi ce, a zafin nan laimar kwana ɗaya take yi, in ta yi kirki biyu. Ranar da ta biyo bayansa ko ango ba ya zama ɗaki, ko shari'a maigari ba ya saurare. Kowa da sungumi a kafaɗa, mai sara na gaba, mai zuba iri na biye yana rufewa da ƙafa. Wanda ya rasa wannan rana sai ya jira wani ruwan, wanda ba a san ranarsa ba, kuma duk makon da aka rasa a shuka, mako ne aka ƙara wa yunwa a ƙarshe. Ba wanda zan roƙa ya yi mini, kowa tasa ta ishe shi.

Bayan sallar asuba na tsaya tsakar gida, sungumi na jingine a bango, keken da Malam ya ara mini na jingine kusa da shi. Kulu ta fito da goran a hannu. Ba ta ce kar in tafi ba. Cewa ta yi, "Masara ta Bature ce, in ya so ya ba ka. Wanga kuwa naka ne." Na ce mata mako biyu na yi ina shan abin nan, ba zan bari ya tafi a banza ba, zan dawo kafin laima ta gudu. Na ja keke.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Hanya ta caɓe, rabi ina hawa rabi keken ke hawana. Dama da hagu duk inda na duba mutane ne a gona, ƙarar sungumi na tashi tim, tim. Duk wanda ya san ni sai ya ɗago ya ce, "Bature, ina zuwa ranar shuka?" Wani ya ce in gaishe masa da Ingila. Ina tafe ina biya ai go, yu go, amma idona na kan ƙasa. Na tuna matafiyi na da izinin ajiye azumi, sai kuma na tuna ko na ajiye ba abin da zan ɗauka.

Rana ta take tsaka kafin layi ya zo kaina. Baturen na zaune ƙarƙashin tanti, ja wur kamar gauta, akawunsa Bahaushe na gefe da takardu. Na durƙusa na ce gud monin sa, ya amsa. Na ce a raina, ka ga, rubutu ya fara aiki. Sai ya buɗe baki. Wallahi abin da ya fito bai yi kama da abin da na sha ba. Turancin Malam Sahabi ɗaiɗai yake fitowa kamar awaki daga garke. Wannan kuwa kamar an farke buhun gero a kan kwano. Na kasa kunne ko zan ji go ya gifta in kama shi, bai gifta ba. Akawu ya ji tausayina ya ce tambaya ake mutum nawa zan iya kawowa aiki. Na ce ai ko talatin. Ya ce ba shi zan gaya wa ba, kuma ba da Hausa ba.

Na rufe ido na shiga neman talatin a cikina. Na tarar da duhu. Ban san lokacin da jikina ya fara rangaji ba, sai kawai na ji muryata ta tashi da ai go, yu go, hi gos, da waƙarta da komai, har went, har ƙarshe. Da na buɗe ido 'yan layi na riƙe da ciki. Baturen ya share hawaye ya yi wata magana. Akawu ya ce, "Ya ce muryarka na da daɗi, amma shi hanya ya zo ginawa." Wani tsohon soja daga Dogon Daji aka ba aikin.

A hanyar komawa sau uku ina sauka in tura yatsa cikin ƙasa. Na farko laima na gaɓar farko. Na uku sai da yatsan ya nutse duka kafin in ji sanyi. Ban biya gida ba, gona na nufa, rana ta yi ja. Daga nesa na hango mutum a tsakiyarta, da singileti da wandon zuwa aji an naɗe, tabarau na walƙiya. Malam Sahabi ne. Ashe da hantsi Kulu ta yafa zane ta tafi makaranta, ta tarar da shi zaune shi kaɗai don ko ɗalibi ɗaya bai zo ba. Ta ajiye masa goran a kan tebur ta ce shi ya koya wa mijinta tafiya, to ga abin da ya bari.

Bawan Allahn nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya kafa turaku, ya ja igiya, layukansa sun miƙe kamar na littafi, don haka aka nuna musu a kwaleji. Tafin hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Ya miƙo mini goran yana murmushi. Na girgiza shi, wayam. Na duba gonar, ko kashi ɗaya cikin uku bai shuka ba. Na tona rami ɗaya. Inda muke sa ɗan abin da yatsu uku suka tsinta, shi tafi guda ya riƙa zubawa.

Na ce, "Malam, wa ya ce ka zuba haka?"

Ya ce, "Na ga ramin da faɗi." Sannan ya tambaye ni yadda ta kaya a Tambuwal.

Na ce, "Kamar shukarka."

Muka zauna a ƙasa mu biyu, shi da hannu a kumbure, ni da ciki cike da Turancin da ba ya fita. Ban san ko kuka zan yi ko dariya ba, shi ma haka. A nan kiran magariba ya same mu, ba ko ruwan kurkure baki.

Kwana takwas sama ba ta ce komai ba. Kullum sai na je na duba, ina lissafin yadda za mu rayu da sulusin gona. A na tara aka yi ruwa mai yawa, aka kuma. Kowane rami ya fito da tsiro cunkus kamar tsintsiya. Ina tsaye ina kallonsu sai dabara ta zo mini, kuma ita kaɗai ce dabarar kirki da na yi a shekarar. Na bari suka kai tsawon taƙi, ranar da aka wayi gari da yayyafi na kira Malam. Ni ina cira a hankali da saiwa, Kulu na zaune gindin gawo da tulelen cikinta tana rarrabawa, Malam na biye da ni muna dasawa a inda ba a shuka ba. Kwana uku muna yi. In ya dasa a karkace in ce ba haka ba. In ya tambayi dalili in ce masa ƙa'ida ce.

Dashe bai kai shuka ba, zangarniyarsa gajera ce, kuma ya makara. Watannin nan biyu kafin gero ya nuna, tafasa da rama ne suka riƙe mu, har yara suka riƙa gudu in sun ga kore a akushi. Cikin marka Kulu ta haihu, mace, muke kiranta Marka. Bayan suna da mako biyu na karyo tumun farko na gasa. Na kai wa Malam Sahabi zangarniya uku daga layinsa na igiya. Daga baya ya zama manomi na sosai, har ana zuwa kallon gonarsa, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ina nan inda Baturen ya bar ni. A cinikin nan shi ya ci riba.

Marka ce yanzu take koyar da Turanci a sakandare a Kebbe. Ranar Asabar ɗin nan ta zo gaishe mu a kan babur, ta tarar da allon jingine a bango. Ta yi ta juya shi tana ƙoƙarin karanta ɗan abin da ya rage. Na ba ta labari, na ce abin da har yau ya ɗaure mini kai shi ne inda Turancin nan ya shiga, mako biyu ina sha amma ko ɗigo bai zauna ba.

Kulu na tankaɗe ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ai ba kai kaɗai ka sha ba. Rabin da kaka bari in ka fita masallaci, wa kaka tsammani ke shanyewa? Ƙaro na riƙe ciki, ni kuwa mu biyu ne."

Na dubi Kulu, na dubi Marka. Shekara da shekaru ina zargin Liman da yi mini baki, ashe rubutun ya ci, hanya kawai ya sauya. Marka ta ce Baba, karatu ne da jarrabawa, shekara goma sha tana fama. Na ce ban musa ba, amma ta tambayi kanta wa ya yi mata shukar fari.

Muna cikin gardamar nan iska ta juya, wani sanyi ya taso daga gabas da ƙanshin da na sani. Kulu ta tashi kwashe shanya. Na je na ciro sungumi daga bayan rumbu, na buga ƙotarsa a ƙasa na ji ta zauna daram. Na ce wa Marka gobe ko Baturen nan ne ya dawo da kansa da buhu guda a ka, ai no go.

Ta ce ba haka ake faɗa ba. Na ce na sani, amma gona ta gane.